Kilakson Ɗin da Ake Ji Daga Madafi

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗiyata Habsu, wadda bakina bai saba kiran sunanta ba sai dai in ce Uwata, tunda sunan mahaifiyata ta ci.

Aminci da rahamar Allah su tabbata a gare ki. Ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya lau, ke da gwaggonki da mutanen gidanta a nan Yamai. Mu a Damagaram sai godiya. Innarki da ƙannenki suna gaishe ki, ni kuma kullum bayan salla ina roƙa miki tsarin Allah daga sharrin hanya da sharrin baƙon wuri.

Kin san abin da ya sa na ɗauki alƙalami maimakon waya. In na kara waya a kunne, muryarki takan zo mini kamar daga ƙasan rijiya, in yi ta cewa "to, to" ba tare da na san abin da nake amsawa ba. Innarki ce ta zaunar da ni, ta matso daf da kunnena ta faɗa mini abin da kika ce: wai za ki ajiye gurbin da makarantar fim ta ba ki a ƙasar waje, ki dawo gida saboda kunnuwana. Uwata, kada ki dawo. Dalilin takardar ke nan gaba ɗaya. Amma na san halinki, irin na mai sunanki ne, ba a juya ki da umarni, don haka bari in ba ki labarin wautata, wataƙila ita ta fi ni iya magana.

Ina saurayi, ina karen mota, na shiga sinima a garin nan na kalli wani fim na tseren motoci. Sunansa ya ɓace mini, amma kukan injunan nan har yau yana cikin kaina. Mota ta taho daga nesa da wani siririn kuka, ta iso da ruri, ta wuce ta bar kujerar da nake kai tana rawa. Na fito ina jin duk duniya ba wani aiki sai tuƙi. Da aka fara ba ni mota, abin da na sa a gaba shi ne in sa injina ya yi wannan kukan. Wata rana na ɗauko buhunan gyaɗa daga wajen Garagumsa, na samu hanya ta miƙe, na taka har ƙafata ta taɓa ƙasa. Injin ya yi ta kururuwa irin ta akuyar da aka ɗaure, ko kusa bai kai na fim ba. Na ƙara takawa. A kwana ta gaba motar ta ɗaga ƙafa biyu, buhuna suka zube, Allah ne kawai ya sa ba a yi jana'izata a ranar ba. Da na tashi ina karkaɗe jiki, abin da na yanke wa kaina shi ne Turawa na ɓoye injunan kirki a ƙasarsu, su aiko mana da ragowa. A kan wannan imani na tsufa, har ke kika zo kika rushe shi.

Ga nasihata ta farko. Aikin da za ki koya yana da ƙarfin da ku masu yin sa ba ku cika sani ba. Akwai wani wawan saurayi a wata kujera, bakinsa buɗe, yana ɗaukar duk abin da kika nuna masa a matsayin gaskiya, gobe kuma mota za a ba shi. Ban ce ki rage wa gudu daɗi ba, don in babu daɗin ba wanda zai kalla. Amma in kika nuna gudu, ki nuna har da gumin hannun mai tuƙi da tsoron da ke idonsa.

Wautata ta biyu a kanki na yi ta, kin kuma san ta. Lokacin da kika fara yawo da na'urar ɗaukar sauti, da makirfon nan da kika sa wa rigar gashi kamar bushiya, kunya ta ishe ni. Ɗiya budurwa mai takardar lakkwal, wato ta makarantar boko, a gan ta tsugune gaban injin niƙa a Durum, ta rufe ido tana saurare kamar mai jin wa'azi. A gan ta wajen tela tana roƙon ya taka kekensa da sauri sannan ya sassauta. A gan ta gefen mai ƙosai ta miƙa makirfo bakin kasko. Abokaina na tasha suka samu abin yi. Wani ya ce, "Ilu, ɗiyarka fa jiya ta yi hira da bijimin Alhaji a kasuwar dabbobi, ko ya ba ta amsa?" Aka yi ta dariya, ni ma na yi, amma na dawo gida raina a ɓace, na ce miki ki daina zubar mini da mutunci. Kin bari har na huce, sannan kika kira ni gaban ordinatarki, kwamfutar nan taki, kika ɗora mini abin saurare a kunne.

A lokacin kunnuwana sun fara tafiya, amma da abin nan manne da su ina ji. Kika buɗe mini kukan tsohuwar motata, Mai Haƙuri, shi kaɗai, da tarinta da karkarwarta, yadda na san ta. Sai kika shimfiɗa injin niƙan Durum a ƙarƙashinsa, muryar ta yi kauri. Kika ɗora keken tela a sama, kika ja shi har ya zama siririn kukan nan na nesa. Daga ƙarshe kika ɗauko rurin bijimin, kika sassauta shi, kika saka shi daidai inda mota ke wucewa. Uwata, tsigar jikina ta tashi. Shi ne. Kukan da na kusa mutuwa ina nema a hanyar Garagumsa, ga shi ya fito daga injin niƙa da keken ɗinki da bijimi. Kika ce mini a manyan finafinai ma haka ake yi, a ɗauki kukan injin na gaske ta wurare daban-daban, a ƙara masa wasu muryoyi har ya cika ƙirjin mai kallo. Suyar ƙosan kuma ita ce ta zama taya a kan jiƙaƙƙen gudoro, wato kwalta. Na zauna ina tasbihi, don ban san Allah ya hore wa ɗan Adam irin wannan ba, balle a ce ɗiyata ce ke yi a cikin ɗakina.

An ce rashin sani ya fi dare duhu, ni kam na yi shekaru ina tuƙi a cikinsa ba fitila. Inda za ki je za ki tarar da na'urori da ɗakunan da ko a mafarki ba mu gani ba. Ki koya duka, ki yi tambaya ko za a yi miki dariya. Sai dai kada ki bar kunnen da kika tafi da shi daga nan, wanda ya ji mota a cikin keken tela. Kuma in kika ga wani yana wani aiki da ba ki gane ba, kada ki yi irin tawa, ki jira ki ga ƙarshensa.

Ranar ɗaukar hoto ma sai da na nuna hali. Kin ce makarantar na son kowane mai neman gurbi ya aika ɗan gajeren fim, ke kuma tsere za ki yi, ni ne direba. Na kwana ina murna. Na wanke Mai Haƙuri, na duba birki, na ce yau yarinyar nan za ta san wane ne ubanta. Muka fita hanyar Guna da hantsi. Kika ɗaure kyamara can ƙasa, daf da taya, har ina tsoron tsakuwa ta fasa ta. Na zauna, na riƙe sitiyari, sai kika leƙo ta taga kika ce, "Baba, bitesi na biyu za ka tsaya, kar ka wuce."

Na ce wane irin tsere ne a bitesi na biyu, giya ta biyu fa, ai ko jaki zai wuce mu. Kika ce in dai yi haƙuri. Haka muka yini. In tafi kamar mai rakiyar amarya, in dawo. Ki ɗauki hannuna yana sauya giya, sau ba adadi. Ki ɗauki ƙafata. Ki ɗauki idona kawai, ki ce in kalli madubi kamar wani na bina, alhali ba kowa a bayanmu sai wata mata da itace a ka. Na dawo gida na ce wa innarki an ɓata mini mai a banza.

Da kika gama abin da kuke kira montaj, wato yanka hotunan da jera su, kika nuna mini ba sauti tukuna. Na ga ƙasa tana gudu a ƙarƙashin taya kamar ruwan kwazazzabo. Ido, hannu, taya, ido kuma, itatuwa na wucewa fuu. Kowane hoto bai kai ƙiftawa ba wani ya ture shi, kuma da tseren ya yi zafi sai suka ƙara gajarta har na ji numfashina yana bin su. Na kama gefen kujera, ni da na san a bitesi na biyu nake. Kika ce mini kyamara in tana kusa da ƙasa komai yakan yi kamar yana tashi, sauran gudun kuma a wurin yanka yake. Na ga hannuna a kan giya, da jijiyoyinsa da tabon ƙunar radiyato, ya cika allo. Shekara da shekaru ina tare da hannun nan, ban taɓa kallonsa ba sai ranar.

Sai ga wata jar mota ta fito a bayana, tana neman wuce ni. Na ce wannan kuma daga ina, mu da muka yini mu kaɗai a hanya? Na dube shi da kyau na ce ko wane ne wannan direban bai iya shiga kwana ba, yana buɗewa da yawa, ubangidansa bai koya masa daidai ba. Dariya ta kusa kayar da ke daga kujera. Kika ce, "Baba, kai ne fa." Ashe Mai Haƙuri ce kika yanko daga wani hoton, kika sauya mata launi, kika dasa ta a bayan kanta, har da inuwarta a ƙasa da hayaƙin da ba ta yi ba. Da jar motar ta kauce ta wuntsila, na yi salati da ƙarfi. Kika jawo aljihun tebur kika fito da ita: 'yar motar gwangwani da maƙerin unguwarmu ya ƙera miki, ba ta fi tafin hannuna ba. Kin mirgina ta a kan tudun yashi a bayan gida, kika sassauta hoton, kika ƙara mata tartsatsi. Na yi ta juya ta a hannu. Game da buɗe kwana kuwa, na yi tunani daga baya, gaskiya ne, haka nake yi tun ina yaro, ba wanda ya taɓa faɗa mini.

Akwai abu guda da kika yi a wurin wuntsilawar nan da ya fi tsaya mini a rai. Da kika haɗa sauti, daidai lokacin da motar ta bar ƙasa sai kika ɗauke komai. Ba inji, ba taya. Na zaci na'urar ce ta lalace. Kika ce da gangan ne, wai kunne in ya sha ƙara ya ƙoshi ba ya ƙara jin tsoro, sai an ɗauke masa ita. Kika ce kuma shirun ba fanko ba ne, kin bar 'yar iska da numfashin direba a ciki. Na tuna ranar Garagumsa. Wallahi haka aka yi, lokacin da motata ta ɗaga ƙafa duniya ɗif ta yi. Ba ki nan, ba a ma haife ki ba, ban kuma taɓa ba ki labarin ba. Har yau ina mamakin inda kika samo shi.

Yanzu ga babbar wautar, wadda ta jawo maganar dawowarki.

Kin san kowane direban doguwar hanya yana da kilakson ɗinsa, wato hon ɗin mota, yadda yake danna shi, wanda mutanensa suka sani. Nawa gajere biyu ne da dogo ɗaya. Shekarun da nake hanyar Agadas, in na shigo gari na kai kwanar dutsen nan na bakin unguwa, sai in danna shi. Innarki tana madafi za ta ji, ta san hamada ta dawo mata da mijinta, ta ɗora ruwan wanka. Ba waya a lokacin. In na yi jinkiri, kunnenta na kan wannan kwanar har in dawo. Da na bar doguwar hanya sai na bar al'adar. Wata rana kika ce mini in na dawo daga tasha in danna shi a kwanar dutse kamar da. Na yi, ban tambayi dalili ba, na ɗauka sha'awar yarinta ce.

Ranar da kika tara mu a zaure bayan la'asar, kika rufe ƙofa don a samu duhu, kika kunna fim ɗin da lasifika, na zauna a gaba ina taƙama. Na riga na daɗe ina ɓoye muku cewa kunnuwana na tafiya. In an yi magana sai in kalli baki, in aka yi dariya in yi. Na ce direba da kunne yake sanin ciwon mota, in aka ji na kurumce wa zai ƙara shiga motata? Fim ya zo ƙarshe. Tsere ya ƙare, hoto ya koma kan wata ƙofar gida a rufe, ba kowa, ba motsi. Na ga an daɗe a kan ƙofar, na ce a raina nan kam yarinyar ta manta ba ta yanka ba. Na juya don in tsokane ki, har na fara dariya, sai na ga innarki ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. Na ce, "Me aka yi? Me ya same ta?"

Kowa ya juyo ya dube ni. Ke kuma kallon da kika yi mini ba zan manta da shi ba.

Daga baya kika matso kika faɗa mini da ƙarfi. Kilakson ɗina ne a kan ƙofar nan. Ranar da na danna shi, kina madafi da makirfonki, a daidai inda innarki ke tsayawa. Kin ɗauko shi yadda yake iso mata, siriri, daga nesa, ya ratso katangu, da ƙarar muciya a tukunya a kusa. Kowa a zauren ya ji, ban da mai shi. A nan asirina ya tonu, kika ja ni asibiti wurin lokotoro, ya duba ya ce shekarun ƙarar inji ne suka cinye su, abin da ya tafi ba zai dawo ba, saura kuma a hankali zai bi. Da na faɗa da wuri, da an rage wani abu. Girman kai ne ya hana ni, ba wani abu ba.

Saboda haka ki ji nasiha daga wanda ya yi asara. Kunnenki shi ne jarinki. Abin saurarenku nan da kuke kwana da shi a kai, ki rage masa ƙarfi, ki riƙa cire shi kina hutawa. In kika ji wani abu ya sauya a jikinki, ki faɗa tun yana ƙarami, ko da kina tsoron a ce ba ki iya aiki.

Ban manta abin da kika yi mini kafin ki tafi ba. Kin koma kan fim ɗin kika ƙara wa injin kauri ta ƙasa, kika kamo hannuna kika ɗora tafina a kan lasifika. Na ji Mai Haƙuri ta taso ta cikin hannuna, ta bi damtse, ta shiga ƙirji. Na ji sauyin giya a haƙarƙarina. Da aka zo wurin wuntsilawa lasifikar ta mutu a ƙarƙashin hannuna, zuciyata ta tsaya tare da ita. Na yi kuka a gabanki, ban ji kunya ba. Tsarki ya tabbata ga wanda ya sa sauti ya zama abin taɓawa. Amma da aka kai ƙofar nan, ba abin da ya motsa a tafina. Kika ce kilakson ɗin ya yi siriri da yawa, in kika kumbura shi don in ji, ya daina zama wanda innarki ta sani. Na ce ki bar shi yadda yake.

Na yi tunani a kan wannan sosai, Uwata. Ko lokacin da kunnuwana ke garau, ban taɓa jin kilakson ɗin nan daga madafi ba. Kullum ina cikin mota, ina danna shi ina tunanin tuwo. Ban san abin da yake yi wa wadda ke jira ba sai da na ga kafaɗun innarki suna rawa a zaure. Mun yi shekaru a ɗaki ɗaya ba ta faɗa mini ba, ni ma ban tambaya ba. Ke kika nuna mini, da ƙofa a rufe da sautin da ban ji ba. Wanda Allah ya ba irin wannan baiwa, zunubi ne ya ajiye ta ya zo ya zauna yana maimaita wa tsoho abin da aka ce a rediyo.

In kin dawo me za ki yi mini? Kunnen ba zai dawo don kin dawo ba. Ƙannenki sun iya ɗaga murya, har sun fi yadda ake bukata. Innarki ta koyi taɓa kafaɗata kafin ta yi magana. Na bar tuƙin haya, ina zama a tasha ina sa ido a kan lodi, abokaina kuma da suka yi miki dariya yanzu su ke tambaya yaushe za a nuna musu fim ɗin bijimi. Shirun da nake shiga bai ba ni tsoro kamar da ba. Kin ce shiru ba fanko ba ne, na duba na ga haka ne, akwai bugun zuciyata a ciki, da kukan injin nan na sinima, da muryarki kina ƙarama. Abin da zai fi kurumta yi mini ciwo shi ne in riƙa ganinki a tsakar gida, in san ni ne dalili.

Ki tafi. Ki riƙe salla, ki kiyaye mutuncinki, ki girmama malamanki, ki ci abinci a kan lokaci, don na san in kika zauna gaban ordinata mantawa kike yi. Ki riƙa rubuto mini takarda, idona da sauransa.

Roƙona guda ne. Duk ranar da Allah ya sa kika yi babban fim, irin wanda ake kallo a ɗaki mai duhu da manyan lasifikoki, motoci na ruri har kujera na rawa, ki nemi wani ɗan lungu a cikinsa ki saka kilakson ɗina. Gajere biyu, dogo ɗaya, daga nesa, yadda yake isa madafi. Kada ki faɗa mini wurin da kika sa shi. Zan zauna kusa da innarki, ba allon zan kalla ba, fuskarta zan kalla, kuma zan sani.

Allah ya kai ki lafiya, ya tsare gabanki da bayanki, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya buɗe miki abin da kika je nema. Allah ya tsare miki ji da gani. Allah ya yi miki albarka, ya dawo mana da ke a lokacin da ya dace, ba kafin nan ba. Ki gaishe da gwaggonki, ki ce mata na ce ta raka ki har filin jirgi, kada ta bar ki sai ta ga kin shiga.

Ni ne mahaifinki,
Ilu Direba, Damagaram.